Kujerar Taubashi

Kusan kowane mako sai wani matashi ya hau benen nan namu da waya a hannu, ya ce ya kalli bidiyo ya ga yadda ake rubuta manhaja, yana so a ɗauke shi aiki. Ba na korar kowa. Nakan ba su kujera da ruwan sanyi, in bar su su gama kallon fanka da kwamfutoci, don na san abin da ke ransu: ga mutane zaune a inuwa suna danne-danne, ba dako, ba rana. To, ku masu wannan tunani, ku gyara zama. Danne-dannen shi ne mafi sauƙi a sana'ar nan, jikana ma zai koya in an zaunar da shi. Abin da ya sa mini furfura shi ne gano ko abin da muka danna ɗin yana yi wa mutane amfani.

Aikin farko da na sa hannu a ciki a Katsina ne, a shagon ogana, lokacin ina yi masa buga takardu da gyaran firinta. Wata ƙungiyar 'yan hatsi ta ba shi aikin manhajar tsara rumbunansu. Ya zauna da shugabanninsu sau ɗaya, ya rubuta abin da suka ce suna so, ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Daga wannan damina sai da wata daminar ta zagayo kafin ya fito da ita. Ni na ɗauko kwamfutar a bayan babur ranar miƙawa, na rungume ta kamar jariri. Aka yi tafi, aka yi addu'a. Da na koma bayan wani lokaci don in duba lafiyarta, sai na tarar an lulluɓe ta da zani, an ɗora filas ɗin shayi a kai. Ogana ba rago ba ne, haka ake aikin a zamanin. A wurinsa na koyi yin rubutu mai tsafta wanda wani zai iya karantawa bayanka, da ajiye kwafin komai a wuri biyu, da kuma kada ka saki sabon gyara a jajibirin kasuwa.

Da na dawo gida Jibiya na buɗe nawa wurin, mu uku ne. Akwai Hadiza, 'yar Bugaje, wadda ta gama karatun kwamfuta ta ƙi tafiya Abuja duk da an kira ta. Akwai Isuhu, ɗan Maraɗi, wanda ya iya Faransanci kuma ya san kowane direban da ke shigowa ta boda. Sai ni. Babban aikinmu, wanda shi ke riƙe da ofishin, na ƙungiyar direbobin manyan motoci ne a tashar da ke ƙasan tagarmu. Matsalarsu layi ce, wato wa zai yi lodi yanzu, wa ke biye da shi. A da 'yan kamasho ke riƙe layin a ka, suna kira da baki, kullum kuma ana rigima cewa an tsallake wane. Muka yi musu manhaja: direba ya shigo tasha ya danna a wayarsa, ya shiga layi, in lokacinsa ya yi fuskar wayar ta koma kore, ya nuna wa ɗan kamasho a yi masa lodi. Ni da kaina na sa ƙa'idar cewa layi na lambar waya ne, ba a sayar da shi, ba a musanya shi, don rufe ƙofar cuwa-cuwa.

Hadiza ce ta zo mana da hanyar aikin da masu sana'ar ke kira ajayil. Mu dai mun ce mata aiki zagaye-zagaye. Maimakon ka shige ɗaki shekara guda, sai ka yanka aikin gunduwa-gunduwa, ka gama kaɗan, ka kai wa masu shi su gani, ka ji ta bakinsu, ka dawo ka gyara. Zagayenmu daga ranar kasuwa ne, a tsallake ɗaya, zuwa ta gaba. Muka kafa allo a bango mai gida uku, na abin da ke jira, na abin da ake yi, da na abin da aka gama. Kowane ɗan aiki a rubuta shi a 'yar takarda mai launi. Gam ɗin takardun ba ya jure zafin Jibiya, da azahar sai ka ga aikin mako guda ya zubo ƙasa, don haka muka koma ƙusar allo. Kayan aikinmu ke nan, sai sola da batura, da wayoyin gwaji masu fasassun fuska, don direba ba ya riƙe sabuwar waya.

Kowace safiya mukan tsaya a gaban allon, a tsaye, don kada hira ta yi tsawo. Kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Ƙarshen zagaye kuma mu gayyato shugaban ƙungiya, Alhaji Mudi, da wasu direbobi, mu sa a kawo shayi da burodi, mu nuna musu sabon abin da muka yi.

Ni mutum ne mai son awo. Tun da na ga kwamfutar nan a ƙarƙashin zani na ƙudurta ba zan yi aiki a makance ba. Saboda haka muna ƙirga takardun da suka isa gidan an gama a kowane zagaye, kuma kullum ƙaruwa suke yi. Muna duba yawan direbobin da ke danna manhajar, kusan kowa na dannawa. Muna tambayar baƙinmu ranar nuni yaya suka gani, Alhaji Mudi ya shafa gemu ya ce madalla, Allah ya yi albarka, sauran su amsa da amin. Da safe kuwa in na tambayi Hadiza me ya tare mata hanya, sai ta ce ba komai Malam, alhamdu lillahi. Isuhu ya ce lahiya lau. Duk ma'aunin da na ɗora sai ya nuna mini muna kan daidai, har na fara ba wasu shawara a kan yadda ake tafiyar da ƙaramin ofis.

Sai shekarar da aka rufe boda ta zo. Wanda bai zauna garin nan a lokacin ba ba zai gane ba. Tashar da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙugin injuna ta koma wurin da awaki ke kwana a ƙarƙashin motoci. Direbobin Maraɗi da ke da iyali a nan suka maƙale. Lodi ya yi ƙaranci, wanda ake samu kuma na nesa ne, Gusau, Kano, har kudu. Mutum ya kwana biyu yana jiran layi ɗaya, don haka layi ya zama abin da ake iya dambe a kansa, aka kuwa yi. Ƙananan ayyukan da muke samu daga 'yan kasuwa duk suka tsaya. Ya rage mana ƙungiyar direbobi kaɗai.

Wata ranar Laraba Alhaji Mudi ya aiko a kira ni. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi iyali, ya tambayi jikin mahaifiyata, sannan ya ce mutanensa na ganin ko a koma kiran layi da baki, kamar da. Ya ce ba wai aikinmu bai yi ba, aiki ya yi kyau ƙwarai, yanayi ne kawai. Za a yanke magana a babban taron ƙungiya na wata mai kamawa. Na fito ina lissafi. In suka janye, sai dai in rufe benen, Hadiza ta nemi Abujar da ta ƙi, Isuhu ya jira a buɗe hanya ya koma gida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san laifinmu ba. Na koma na tsaya gaban allo ina kallon takardun da suka cika gidan an gama, kamar za su ba ni amsa.

A ƙarshen makon aka yi suna a gidan gwaggona a Farfaru. Ɗanta Garba direba ne a tashar nan, kuma taubashina ne. Ku yaran birni da ba ku san taubashi ba, shi ne ɗan gwaggonka ko ɗan kawunka, wanda al'ada ta ba shi izinin ya yi maka tsiya a gaban kowa, har ya kira ka bawansa, ba ka da ikon yin fushi. Ni da Garba tun muna yara haka muke. Ina zama a tabarma, tuwo bai ko iso ba, ya nuna ni da yatsa.

"Jama'a, ga bawana Injiniya, wanda yar raba maza da matansu."

Aka fashe da dariya. Na ce masa ya rufa mini asiri ya faɗi abin da yake nufi. Ya zaro waya daga aljihu ya ajiye a gabana, ya ce in duba da kyau, wannan ba tasa ba ce, ta wani direba Sale ce, tasa tana hanyar Kano a aljihun Salen.

Nan ya warware mini komai, yana yi yana kwaikwayon tafiyata. Ashe tun fil azal direbobi suna da al'adar ba da layi. In an yi wa mutum rasuwa, ko matarsa ta haihu, ko yaro ba lafiya, na gabansa sai ya ce masa wuce ka yi lodi, ni na bi bayanka. Ba a sayarwa, ba a ma son a yi godiya da yawa. Ƙa'idata ta hana wannan. Su kuwa ba za su bar zumunci saboda waya ba, sai suka koma musayar wayoyin. Wanda fuskar wayarsa ta yi kore ya miƙa ta ga mai lalura, shi ya karɓi tasa. Lokacin da hanya ke buɗe abin bai dami kowa ba, Maraɗi ce, ka je da safe ka dawo da yamma a mayar wa kowa da kayansa. Yanzu da lodi ya koma na nesa, wayar mutum sai ta yi kwanaki a hannun wani. Mace ta kira mijinta don ɗa na zazzaɓi, ta ji muryar ƙato daga Gusau. Mai kaya ya kira direbansa ya samu wani daban. Ga kuma wata: a tashar, waya takan tsallake ta kama sabis ɗin Nijar, rezo in ji mutanen Maraɗi, manhajar ta daskare, mutum ya faɗo daga layi yana tsaye a wurin.

Na tambaye shi me ya sa duk zaman shayin da muke yi ba wanda ya taɓa faɗa mini.

"Wa za shi hwaɗa maka? Ka kira mutane gidanka, ka ba su shayi da madara, tsohonka ya koya ma rabinsu karatu. Sai su dubi idonka su ce aikinka ya ɓaci? Ni dai haƙƙina ne, shi ya sa."

Na ci tuwon nan ban ji ɗanɗanonsa ba. Haushi nake ji, amma a ƙasan haushin akwai sauƙi, don a karon farko na san inda ciwon yake.

Da safiyar Litinin na ba su labari a gaban allo. Isuhu ya sunkuyar da kai ya ce ai ya daɗe da sanin zancen musayar wayoyi, a gabansa ake yi. Na ce to me ya hana shi magana? Ya ce ƙa'idar tawa ce, ni na kawo ta, kuma na girme shi. Hadiza ta ce ita ma ta yi makonni tana fama da matsalar tsallaken sabis ɗin nan ta kasa shawo kanta, amma ta ji nauyin ta tsaya kullum da safe tana cewa ta kasa. Sai ta riƙa yanka ƙananan ayyuka gida biyu tana turawa gidan an gama, don kada allon ya nuna ta tsaya. Ba ƙarya suka yi mini ba. Tarbiyya ce. An koya mana in an ce yaya aiki ka ce da godiya, ko da aikin na neman kashe ka. Waɗanda suka ƙirƙiro wannan hanyar aiki sun ɗauka in ka tambayi mutum me ya dame shi zai faɗa. A Jibiya kara ba ta bari, kuma duk ma'aunaina a kan amsar masu kara na gina su.

Ban yi musu wa'azin su daina kunya ba, don na san ba za ta yiwu ba, ni ma ba zan iya kallon Alhaji Mudi in kushe shi ba. Abin da muka yi shi ne muka jawo wata tsohuwar kujerar roba mai karyayyen hannu muka ajiye gefen allo, muka ce wannan kujerar taubashi ce. Duk ƙarshen zagaye mutum ɗaya zai zauna a kai, bi da bi. Muddin yana kai, shi taubashin kowa ne, ya faɗi abin da ya ga dama, da wasa da dariya, ba mai riƙe shi a zuci. In ya tashi, magana ta ƙare, gyara ya rage.

Hadiza ce ta fara hawa. Ta zauna tana murza gefen mayafi. Isuhu ya ce mata taubashiya, bakinki ya mutu ne? Sai ta yi dariya ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ɓangaren da ka rubuta na shiga layi, ko kai ka dawo bayan Sallah ba za ka gane shi ba. Kullum kana mana faɗan tsafta, naka ya fi na kowa cukurkuɗewa." Wallahi sai da na ji zafi har kunnena. Na buɗe rubutun a gabansu, na duba, gaskiyarta ce. A cikin wannan cukurkuɗin ma matsalar sabis ɗin take ɓoye, kuma da muka zauna mu uku a kwamfuta ɗaya, kafin la'asar mun gano ta.

Ranar nuni ta gaba na hana kawo shayi, na kuma sauko da taron daga bene zuwa inuwar wata mota a tasha. Na roƙi Garba ya zo. Muka nuna sabon madanni da muka sa, na ba da layi: ka zaɓi sunan ɗan'uwanka, ka danna, ya hau gurbinka kai ka koma nasa, kowa da wayarsa a aljihu, kuma duk tasha na ganin wa ya ba wa, don kada ciniki ya shigo ciki. Garba ya karɓa ya jujjuya, ya ce ai bawansa ya fara hankali, amma masu suna Sani su nawa ne a tashar nan, ta yaya zai san wanne zai ba? Aka yi dariya. Sai wani dattijo daga Maraɗi, wanda bai taɓa cewa uffan ba a duk zaman da muka yi, ya juya wajen Garba, ba wajena ba, ya ce, "Garba, hwaɗa ma taubashinka, mu da laƙabi munka san juna, ba da sunan yanka ba." Daga nan bakin kowa ya buɗe. Kowa sai ya ce Garba gaya wa taubashinka kaza, alhali ina tsaye a gabansu ina ji. Hadiza na rubutawa har takardunta suka ƙare, Isuhu ya yago kwalin sabulu ya miƙa mata.

Tun daga ranar na canza abin da nake aunawa. Ƙirgar takardu ban daina ba, tana taimaka mana mu san nawa za mu iya ɗauka, amma na daina yi mata kallon shaida. Abin da nake dubawa yanzu shi ne, a zagayen nan mun ji magana mara daɗi? In zagaye ya wuce ba wanda ya kushe mu, a ciki ko a waje, to ban yarda mun yi kyau ba, na ɗauka kunnenmu ne ya toshe. Sannan ina duba tsawon lokacin da ƙorafi ke ɗauka daga bakin direba zuwa ranar da gyaran ya isa wayarsa, da kuma ko ƙorafin ya sake dawowa. Akwai wani awon da ba ya shiga kwamfuta: Isuhu kan sauka tasha ya kira lambar direba yana kallonsa daga nesa, ya ga ko a aljihunsa za ta yi ƙara.

Zagaye biyu kawai muka samu kafin babban taron. Ba mu gama komai ba, ba mu ko kusa ba. Mun sa laƙabi, mun gyara tsallaken sabis, ba da layi na aiki. Sauran suna nan jere a gidan jira.

Ranar taron ba a gayyace mu ba, don maganar cikin gida ce. Muna bene muna jin hayaniyarsu ta taga, ba ma rarrabe abin da ake cewa. Hadiza ta buɗe kwamfuta amma ba ta taɓa ta ba. Bayan azahar muka ji takun mutum a matakala, a hankali, yana hutawa. Alhaji Mudi ne, shi kaɗai, ga shi da ciwon gwiwa. Na tashi na ba shi kujerata, ya ƙi. Ya waiga ya ga ta robar nan a gefen allo, ya tambaya ko ita ce wadda Garba ke ba da labari. Na ce ita ce. Ya tattara babbar rigarsa ya zauna a kai, kujerar ta yi ƙara.

Ya ce an yanke za a ci gaba da manhajar, kuma in an buɗe hanya suna so a haɗa da 'yan'uwansu na can tsallaken boda. Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya, ban tashi ba tukuna. Injiniya, rubutun nan naku ƙanana ne. Tun ranar da kunka kawo abin ga ban taɓa karanta shi da idona ba. Ni da nike shugaba, sai na miƙa ma wani ya gaya mani wa ke kan layi. Kullum ina ce maka madalla, ban san mi nike ma madalla ba."

Ya miƙe da ƙyar, ya gyara hularsa, ya ce Allah ya yi albarka, ya kama matakala. Hadiza ta ɗauki 'yar takarda ta rubuta, ta tsallake duk na gidan jira ta kafa ta a gidan ana yi. Kafin ya kai ƙasan benen mun fara ƙara girman rubutun.